Ana Yaƙi da Waya Ranar Lahadi, Ɓarnar Kuwa Ranar Alhamis Take

 Yau rigimar cikin gidanmu na kawo muku, mu Kiristoci masu sujada da Hausa, kuma na san wasu dattawana ba za su ji daɗin ganin ta a nan ba.

Lahadi uku da suka wuce, bayan an gama karɓar baiko a majami'armu, wani dattijon ikilisiya ya miƙe ya yi sanarwa: daga ranar, duk wanda aka gani da waya a hannu lokacin sujada za a karɓe ta sai an tashi. Ya ce Littafi Mai Tsarki na cikin waya ba littafi ba ne. Aka yi ta tafi. Ni ban tafa ba, domin ranar Alhamis ɗin da ta gabata wannan dattijon ne ya turo bidiyon gawarwaki a zauren WhatsApp na coci, da rubutu a ƙasa wai jiya-jiya aka yi a wani ƙauye kusa da mu, a yi addu'a, a kuma tura wa kowa. Na gane bidiyon, ya fi shekara biyu yana yawo. Da na faɗa, sai aka ce yaran zamani ba su da kunya. Har yau ba a goge shi ba.

Mu fara da maganar takarda. Wai yaushe ta zama mai tsarki? Sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya ɗauki kaso mafi tsoka a cikinsa. Injin ɗab'i ne ya buga shi, da haruffan boko, kuma a idon kakanninmu injin nan baƙon abu ne kamar yadda waya take a idon dattijonmu yau. Tun 2008 akwai manhajar YouVersion, kyauta, yanzu kuma har da Hausa a ciki. Na san wata tsohuwa a zumuntar mata da idonta ya daina ganin ƙananan haruffa, jikarta ta nuna mata yadda ake ƙara musu girma, ta koma karanta Zabura da kanta. A je a gaya mata abin da ke hannunta ba littafi ba ne. Kuma a 2020, da korona ta sa aka rufe wuraren ibada, su wa aka riƙa kira su zo su saita waya a gaban bagadi don a watsa wa'azi a Facebook? Mu ne dai marasa kunyar.

Ba na musun cewa matasa na wasa da waya a coci. Ni kaina na taɓa leƙa sakamakon wasan Arsenal ana tsakiyar wa'azi, Allah ya gafarta mini. Amma wannan laifin a kaina ya tsaya. Na ranar Alhamis yana iya cin ran wani.

Ku tuna watan Yunin 2018. An kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, 'yan sanda suka ce mutum 86 aka kashe, mutanen yankin suka ce abin ya fi haka nesa. Kisan gaskiya ne, makokin ma gaskiya ne. Amma hotunan da suka cika Facebook a kwanakin ba duka na Filato ba ne. Binciken da BBC Africa Eye ta fitar a ƙarshen shekarar ya gano cewa wani bidiyo da ya fi tayar da hankali a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi, tun 2012. Ranar 24 ga Yuni matasa suka tare hanya a wajen Jos, suka riƙa fito da matafiya daga mota, aka kashe mutum 11 da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda ya tura wancan bidiyo bai riƙe adda ba. Wataƙila ma da hawaye ya tura, yana ganin aikin Allah yake yi. A daidai lokacin kuma wani limami, Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a gidansa da masallacinsa a ƙauyen Nghar Yelwa. Sau nawa aka turo muku labarinsa a zauren coci? Ni ban taɓa gani ba.

Kamfanin WhatsApp kansa ya ga haɗarin. A 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 ya mayar da saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya. Sai dai kamfani ba shi da maganin abin da ke damunmu, wato yarda. Saƙon da ya fito daga hannun dattijo, a zauren da fasto ke ciki, da "a yi addu'a" a samansa, ya riga ya samu hatimi. Wa zai tuhumi roƙon addu'a? Ga shi muna koya wa yara a makarantar Lahadi cewa doka ta tara ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, sai ka ce dokar ta tsaya a ƙofar kotu, ba ta san babban yatsa ba.

'Yan'uwana Musulmi da suka fi yawa a wannan zaure, kada ku ce ruwan da ya ci maƙwabci ne. Ku duba naku zaurukan na unguwa da na dangi, za ku ga bidiyo iri ɗaya, sunan ƙauyen da na wanda ake zargi kawai aka sauya.

Ga inda abin ya shafe mu. Bidiyo ba ya magana, rubutun da ke ƙasansa ne ke gaya wa mutum wa ya kashe wa, kuma wa zai tsana. Wani ne ya zauna ya tsara wannan rubutun, da Hausa mai ratsa zuciya, ya san inda zai sa "jama'a" da inda zai sa "ina za mu sa kanmu". Marubuci ne, ko mun so ko mun ƙi, kuma ya fi mu masu karatu. Mu kuwa muna nan muna ta rubuta labarin kishiya kashi na arba'in. Na karanta littattafan intanet masu yawa, ban ci karo da tauraro irin dattijonmu ba: mutum mai tsoron Allah, mai ciyar da marayu, wanda yatsansa ke hura wuta bai sani ba. Shi ya fi mugun sarki da boka wuyar rubutawa, shi ya sa muke gudunsa.

Na rubuta wa sakataren ikilisiya takarda, da hannu, na roƙi minti biyar a lokacin sanarwa don in nuna yadda ake ɗora hoto a Google Lens a ga ranar da ya fara fitowa. Ya ce zai kai wa dattawa. Matsalar kawai ita ce, idan sun amince, sai na riƙe waya a gaban jama'a kafin in nuna.