Dodannin wasan harbi ba su ne matsalar samarin Damagaram ba

Tun 1993 da kamfanin id Software na Amurka ya fitar da Doom, wasan da mai bugawa ba ya ganin komai sai bakin bindigarsa da shaiɗanun da ke taso masa cikin duhu, iyaye ke ɗar-ɗar da irinsa. Masu bugawa kuwa sukan yaba saurin hannu, tattalin harsashi da gane hanya, kuma sun cancanci a saurare su. Mai cewa harbin wasa na koyar da ta'addanci ya duba unguwar Kara-Kara ta Damagaram: fim ɗin Aïcha Macky na 2021, Zinder, ya nuna zaman kashe wando da wariya ne ke rainon 'yan daban da ake kira 'yan palais. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar danganta wasannin da aikata ta'asa.

Damuwar iyaye tana da tushe ta fuskar lokaci, domin a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Yaron da ke raba dare a majalisar hira da waya, ya makara asuba da makaranta, a ƙayyade masa lokaci, a sama masa sana'a.