Bayanin sabunta manhaja ba aikin ranar ƙarshe ba ne

Duk mai riƙe da wayar Android ya saba ganin saƙon sabunta manhaja, kuma sau tari ba abin da ake rubutawa a ƙasa sai cewa an gyara wasu kurakurai. Wane kuskure? Gyaran ya kai a ƙona masa data? Shiru. Kamfani mai sayar da manhaja zai iya wannan rowar bayani ya kwana lafiya. Amma manhajojin da ake barin tushensu a buɗe, kowa ya duba ya gyara, irin su Linux da Python, ba su da wannan hurumi, domin a kansu aka ɗora dubban wasu manhajoji.

Abin da ya faru da Log4j ya isa misali. Wannan ɗan ɓangare ne na gidauniyar Apache, wanda manhajoji da dama ke amfani da shi wajen ajiye tarihin abin da ke gudana a cikinsu. A Disamban 2021 aka bayyana wa duniya wata ɓaraka a cikinsa da ke ba mai kutse damar sarrafa kwamfutar wani daga nesa. Kafin watan ya ƙare an fitar da siga huɗu, 2.15.0 da 2.16.0 da 2.17.0 da 2.17.1, saboda gyaran farko bai toshe ɓarakar gaba ɗaya ba. Siga ta 2.16.0 ma cire wani aiki ta yi ɗungurungum. Injiniyan banki da ke sabunta na'urori cikin dare ba shi da lokacin bin kowane layi da aka sauya. Bayanin da ke rakiyar sigar ne zai gaya masa abin da aka toshe da abin da zai daina aiki.

Matsalar ita ce yawanci sai ranar fitar da siga ake tuna wannan rubutu, a ɗora wa mutum guda ya tono aikin watanni. Idan ya gaji, sai ya kwafo jerin saƙonnin masu gyara ya liƙa, alhali junansu suka rubuta wa, ba mai amfani ba.

Masu kula da Python sun sauya salo a 2017. Da can kowa a fayil guda yake saka labarin gyaransa, rubuce-rubucen suna ta cin karo. Yanzu duk gyaran da zai shafi mai amfani yana zuwa da ɗan fayil nasa, sannan wata ƙaramar manhaja mai suna blurb ta harhaɗa su lokacin fitarwa. Wanda ya yi gyaran shi ke bayyana shi, tun bai manta dalili ba.

Za a ce yawancin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne, nauyi ya riga ya yi musu yawa. Haka ne, amma jimla biyu a lokacin gyara ta fi sauƙi a kan amsa ƙorafin waɗanda manhajarsu ta tsaya. Ya kamata mai tantancewa ya ƙi karɓar gyaran da bai zo da bayaninsa ba, kuma a sa batun tsaro da duk abin da aka cire a saman takardar, kafin jerin sababbin abubuwa.