Ido Ba Mudu Ba: A Auna Jiragen Wasan Kwamfuta

Mutanen da sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan magana gaskiya ce a kan hatsi da tufa da dabba, abubuwan da ido ya saba gani tun yarinta. To, ga wani abu ya shigo gidaje a zamanin nan wanda ido ba ya sanin kimarsa ko kaɗan, watau jiragen yaƙin sararin samaniya da samari su ke jagoranta a cikin wasannin kwamfuta. Yaro zai ce wa ɗan'uwansa jirginsa ya yi kilomita 18, ya faɗe shi da sauƙi kamar mai faɗin kuɗin goro, alhali bai taɓa auna abin da bakinsa ya furta ba. Abin da ya wajaba a kan malamai da 'yan kasuwa shi ne su ɗauki jirgin nan su ɗora shi bisa mizani a gaban yaron.

Da fari sai a san inda maganar ta fito. Akwai wasa mai suna EVE Online, wanda wani kamfani na ƙasar Ayislan ya fitar a 2003. A cikinsa mutane dubbai su ke haɗa runduna, su haƙi ma'adinai, su yi fatauci, su yi yaƙi a kan yankunan taurari. Manyan jiragensa, waɗanda a ke kira Titan, an rubuta tsawonsu daga kilomita 13 har zuwa 18 da ɗoriya. Mutum mai ƙarfin tafiya ya kan ci kamar kilomita 5 a sa'a guda. Ke nan wanda ya tashi daga wutsiyar babban jirgin da hantsi, ba zai isa goshinsa ba sai wajen azahar.

Sai a gwada wannan da abin da hannun ɗan Adam ya ƙera. Jirgin ruwa mafi tsawo da aka taɓa yi shi ne Seawise Giant, na dakon mai, wanda aka gama a Japan a 1979, aka farfasa shi a Indiya a 2010. Tsawonsa mita 458, nauyinsa kuwa ba tare da kaya ba kamar tan 80,000. Abu mafi girma da mutane suka haɗa a sararin samaniya kuma shi ne tashar ƙasa da ƙasa, wadda aka fara harba sassanta a 1998. Tsawonta mita 109, nauyinta wajen tan 420, watau lodin tirela 14 masu ɗaukar tan 30 kowace. Wannan kaɗai sai da manyan ƙasashe suka haɗa dukiya, aka yi sawu fiye da 40, aka shafe shekara fiye da 10 kafin ya haɗu.

A nan ne hisabi ya ke shigowa, kuma mai sayar da hatsi ya fi kowa saninsa. Idan aka ninka tsawon akwati da faɗinsa da zurfinsa sau biyu biyu, hatsin da zai ci ya zama ninki 8. Idan aka ninka sau uku uku, ya zama ninki 27. To, jirgi mai kilomita 18 ya ninka Seawise Giant kusan sau 40 a tsawo. A buga 40 sau 40 sau 40, za a sami 64,000. Idan an yi shi da siffa irin ta jirgin ruwan, nauyinsa zai kai wajen tan biliyan 5. Ƙarfen da masana'antun duniya duka suka narka a 2023 bai kai tan biliyan 2 ba. Ashe jirgi guda zai lanƙwame ƙarfen duniya na shekara biyu da rabi har da ƙari, a bar mutane ba garma, ba lauje, ba rodin gini, ba titin jirgin ƙasa.

Sa'an nan ga mas'alar ɗauka. Rokar Saturn V, wadda ta kai Amurkawa duniyar wata a 1969, tana iya ɗaga kamar tan 140 zuwa kewayen duniya a sawu guda, kuma sau 13 kaɗai aka harba irinta tsakanin 1967 da 1973. A raba tan biliyan 5 da 140, za a sami sawu fiye da miliyan 35. Ko da kullum safiya za a harba guda ba fashi, sai an yi kusan shekara 100,000 kafin kayan su gama hawa. Wannan shi ne abin da yaro ya ke ginawa da ɗan yatsa kafin a kira shi cin tuwo.

Ruɗin ido kuma yana da fuska ta biyu. A wasan Stellaris, wanda wani kamfanin Suwidin ya fitar a 2016, ana zana jirgi kusa da duniya har ido ya gan su tamkar akuya kusa da saniya, don mai wasa ya iya ganin jirginsa ya taɓa shi. Alhali faɗin wannan duniya tamu kilomita 12,742 ne, ya ninka jirgi mai kilomita 18 sau 700. Da za a mai da duniya ƙwarya mai faɗin kamu guda, jirgin ba zai kai ƙwayar gero ba. Wanda ya auna, ya sami sani biyu a lokaci guda: ya san ƙanƙantar ikon mutum a kan jirgin, ya kuma san ƙanƙantar jirgin a kan halitta.

Wani zai ce ai wasa ne, daidai ya ke da tatsuniya, ba mai tambayar Gizo nauyin giwar da ya ja. Jawabi shi ne tatsuniya tana shelanta kanta tun daga bakin ƙofa, kuma ba ta zuwa da lamba. Wasan nan kuwa yana zuwa da mita da tan da farashi, ya sa rigar ilmi, sabo da haka mai rauni ya kan ɗauke shi kamar labarin gaskiya. Wani kuma zai ce nan gaba a can sama za a haƙo ƙarfe daga duwatsun da ke yawo, a ƙera jirgin a can. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin ta kau da wahalar ɗauka. Amma ba ta kau da ninki 64,000 ba, kuma har yau abin da kumbuna suka ɗebo daga irin waɗannan duwatsu zuwa duniya bai cika mudu guda ba.

Kada mai karatu ya zaci maganar ba ta taɓa aljihu. A watan Janairu na 2014 an yi wani yaƙi a cikin EVE Online wanda ya ɗauki sa'a 21, aka halaka Titan 75, aka ƙiyasta asarar da wajen dalar Amurka 300,000, domin kuɗin wasan yana da hanyar da a ke gwada shi da kuɗin gaske. Mafi yawan abin da ya ƙone wahala ce ta watanni da mutane suka zuba, dare da rana. Tsofaffin fatake sun hana cinikin biri a sama, ga shi zamani ya kawo cinikin jirgin da babu shi ko a sama. Hatsarin da ya fi wannan shi ne sabo. Yaron da ya saba hadiye babbar lamba ba taunawa, shi ne gobe mazambaci zai ce masa kuɗinsa za su ninka goma a wata guda, ya miƙa jarin ubansa.

Sabo da haka fasa kwamfuta ba magani ba ne, sakin yaro da ita kara zube shi ma ba magani ba ne. Malamin da ya iya raba gado tsakanin magada goma, da ɗan kasuwar da ya san tiya nawa ke cikin buhu, suna da makamin da a ke bukata. A zaunar da yaro a tambaye shi tsawon jirginsa, a sa shi ya taka kilomita guda da ƙafarsa ya ƙirga, sa'an nan a ba shi allo ya buga ninkin da kansa. In ya yi haka, wasan ya zama ƙofar hisabi, kuma ya koyi ɗabi'ar da kasuwa ke tsaye a kanta tun zamanin ayari: duk lambar da aka faɗa, a auna ta kafin a karɓa. Allah ya ba mu gane kimar abubuwa, amin.