Marubuci, Ka Taɓa Tura Babur a Hawan Dutse?

Ya 'yan'uwana marubuta, ina da ƙorafi a kanmu, kuma ba zan sa masa zuma ba. Mun zama masu ba da labarin ƙasar da ba mu taka ba. Ɗauki littattafan Hausa 10 daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwa ko a wayoyin matasa, ka ƙirga min nawa ne jaruminsu ya bar kwalta. Daga falo sai mota mai sanyi, daga mota sai filin jirgi, daga nan sai Dubai ko Landan, wuraren da sau da yawa marubucin kansa a talabijin ya san su. Alhali kuwa ga ƙasa shimfiɗe a bayan gidansa, da duwatsunta da ƙoramunta da mutanenta, ba wanda ya ce mata ci kanki.

Maganin da nake kawowa ba mai tsada ba ne. Marubuci ya nemi babur, ya nemi aboki guda mai haƙuri, su bar titi su kama hanyar burji wadda ta nufi tsauni. Na san akwai masu cewa wannan aikin marasa aikin yi ne, ko kuma yawon Turawa ne da suka ƙoshi suka rasa inda za su kai kuɗinsu. Da su nake wannan magana.

Da farko dai, rubutun tafiya ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Sun fita, sun gani da idonsu, sannan suka ɗauki alƙalami. Mu kuwa tun muhawarar Adabin Kasuwar Kano ta shekarun 1990 muke ta jayayya a kan ko soyayya ta dace da littafi ko ba ta dace ba, amma ba mu tsaya mun tambayi kanmu a ina ake yin soyayyar ba. Shin mutanen kan tudu ba su da zuciya ne?

Bari in yi misali da ƙasar da na fi sani. Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4: Zuru, da Fakai mai hedikwata a Mahuta, da Danko-Wasagu mai hedikwata a Ribah, da Sakaba mai hedikwata a Dirin Daji. Ƙasa ce ta Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, masu harshen C'lela, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauransu. Kakanninsu sun yi zama a kan duwatsu don tsira daga mahara masu farautar bayi, musamman a zamanin yaƙe-yaƙen Kwantagora. Nan ake bikin Uhola. Nan aka san al'adar golmo, inda saurayi ke shekaru yana noma wa surukansa kafin a ba shi mata. Nan ake ƙera tukwanen ƙasa masu siffofi da ake ɗorawa a kan kaburbura, waɗanda har gidajen tarihi na Turai sun ajiye irinsu. Don Allah, wace soyayyar falo ce ta kai ta saurayin da ya biya sadakinsa da gumin damina bayan damina? Amma wannan labari ba ya zuwa ya same ka a kan kujera. Yana can ƙarshen hanyar da mota ba ta shiga.

To, me ya sa babur? Saboda mai mota baƙo ne, ya rufe gilashi ya wuce, ƙura ce kawai rabon mutanen ƙauye daga gare shi. Mai tafiyar ƙasa kuwa ba ya yin nisa. Babur ne ke tsakani. Yana bin turbar da jaki ke bi, kuma ba ya ɓoye maka komai. Za ka ji sanyin kwari da zafin fa, ka ji ƙanshin dawa tana bunƙasa da hayaƙin gawayi, ka gane da jikinka bambancin jar ƙasa da tsakuwa da rairayi da laka. Hanyar ma malama ce mai tsanani. Idan hawa ya miƙe sai ka koma giya ta ɗaya, wanda ka goya ya sauka ya tura. Idan gangara ce, wanda ya dogara da birkin gaba kaɗai a kan tsakuwa zai sha ƙasa. Giya ce ke riƙe mashin, birkin baya na taimaka mata. Idan kuka iso rafi da damina, ɗayanku ya naɗe wando ya fara shiga da ƙafa ya auna zurfi, domin in ruwa ya kai ga filogi tafiya ta tsaya. Ba a fita sai da tiyub da kayan faci da famfo da sifana da hular kwano. Marubucin da ya san waɗannan abubuwa, in ya ce jaruminsa ya gaji, mai karatu zai ji gajiyar a gwiwarsa.

Me ya sa kuma aboki? Ni abokin tafiyata malami ne ɗan'uwana, mai koyar da labarin ƙasa, kuma shekarun da muka yi muna bin hanyoyin bayan Dabai da na wajen Mahuta a lokacin hutu sun koya mini abin da ban samu a kwalejin horon malamai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba ya kuma fitar da babur daga laka. Amma amfanin aboki ga marubuci ya wuce tura mashin. Shi ne shaida, wanda zai hana ka ƙara gishiri. Shi ne ido na biyu, kai kana kallon dutse, shi yana kallon matar da ke saukowa daga kansa da kaya a kafaɗa. Kuma a wurinsa za ka ji yadda mutum ke magana idan yunwa ta kama shi, taya ta yi faci, rana ta kusa faɗuwa, kowa na ganin laifin ɗan'uwansa ne. Wanda bai taɓa jin irin wannan cacar baki ba, sannan aka raba ƙuli-ƙuli guda aka shirya, yaya zai rubuta abota a littafi?

Masu cewa yawon banza ne su duba tarihi. A 1952 wani ɗalibin likitanci ɗan Ajantina, Ernesto Guevara, da abokinsa Alberto Granado suka hau wani tsohon babur ƙirar Norton suka nufi ƙasashen Kudancin Amurka. Babur ɗin ya mutu musu a ƙasar Cile, suka ci gaba ta wasu hanyoyi, suka ga halin masu haƙar ma'adinai da na kutare. Ko ka yarda da siyasar da Guevara ya bi daga baya ko ba ka yarda ba, littafin da ya fito daga wannan tafiya har yau ana karanta shi a harsuna masu yawa. Masu cewa kuma sai Bature, to a 2022 ɗan Nijeriya Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan har Legas don yaƙi da cutar shan-inna. Ni ban ce ka keta Sahara ba. Cewa na yi ka san kilomita 30 da ke bayan garinku.

Yanzu ga babbar hujjar masu suka, kuma ita ce mai nauyi: tsaro. Gaskiya ne. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun kashe mutane 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A watan Maris na 2022 sun yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe fiye da 60. A watan Nuwamban 2025 sun shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka sace ɗalibai 25. Malamin makaranta ba ya buƙatar a fassara masa zafin wannan. Kuma sau da yawa a kan babura maharan ke zuwa, har ta kai ƙarar mashin da dare ta zama abin firgita a ƙauye. Saboda haka ban ce wani yaro ya jefa kansa cikin halaka don neman labari ba. Rigakafi ya fi magani. A tambayi direbobi da 'yan kabu-kabu kafin a fita, a bi dokar da hukuma ta sa, a sauka wurin mai gari a yi sallama a faɗi abin da ya kawo mutum, a dawo da rana tsaka. Hanyar da aka ce ta rufe, ta rufe.

Amma ku lura, wannan hujja tasu ita ce ta fi ƙarfafa tawa. Ƙauyukan nan yanzu ba a jin sunansu sai a labaran rediyo, a haɗe da adadin gawa. Idan mu ba mu rubuta su da kasuwanninsu da bukukuwansu da barkwancinsu ba, to ɗan bindiga ya zama shi kaɗai ne marubucin tarihinsu. Kuma babur ɗin da muke tsoro, shi ne dai ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai malami makarantar ƙauye, shi ke fito da buhun dawa kasuwa. Ɗan kabu-kabu bai daina bin hanyar ba, domin abincinsa na can. Inda ba za ka iya zuwa ba, zauna da shi a tasha, saya masa shayi, ka saurara. Wanda kuma ya bi waɗannan hanyoyi lokacin zaman lafiya, bashi ne a wuyansa ya rubuta yadda suke, don 'ya'yan da aka haifa a gudun hijira su san abin da aka raba su da shi.

Ina kira ga rassan ƙungiyarmu da su ware fili a wannan mujalla don labarin tafiya na cikin gida, a kuma sa sharaɗi guda: kada marubuci ya kawo wurin da ƙafarsa ba ta taka ba, ko bai ji daga bakin wanda ya taka ba. Ku kuma matasa masu aiko mana da rubutu, kafin ku sake tura jarumarku Dubai, ku tura ta Ribah ranar kasuwa a bayan babur, ku ga ko ba za ta dawo da magana a bakinta ba. Gani ya kori ji.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe mana hanyoyin da aka rufe, amin.