Ƙididdigar da ta tsaya a zaure ba za ta ga sana'ar matan Goron Dutse ba

Kasuwa biyu ke ci a Goron Dutse da sauran unguwannin cikin birnin Kano. Akwai ta bakin titi da kowa ke gani. Akwai kuma ta cikin gida, inda mata ke suyar awara da ƙosai, suna matse man gyaɗa, suna ɗinkin hula, suna haɗa turaren wuta da humra, suna zuba adashi. Ta farko tana shiga takardun hukuma. Ta biyu kuwa takan ɓace, muddin mai ɗaukar bayanai ya tsaya a zaure ya tambayi maigida aikin matarsa, aka ce masa zaman gida take yi.

Wannan giɓi ne tushen wata tsohuwar muhawara tsakanin masana ilimin zamantakewa. Tun shekarun 1970 wasu mata masu bincike suka fara ƙorafin cewa maza ne ke tsara takardun tambayoyi, da ma'aunin rayuwar maza, sannan a mayar da mace lamba kawai. A 1981 Ann Oakley ta Ingila ta soki salon hirar da mai bincike ke kwashe bayanan mace ya tafi, ba tare da ya saurare ta a matsayin mutum ba. A Afirka, littafin da Ayesha Imam da Amina Mama da Fatou Sow suka tsara, wanda cibiyar CODESRIA ta Dakar ta buga a 1997, ya nemi a sake duba yadda wannan fanni ke kallon mata. Daga irin wannan suka ne wasu suka kai ga cewa a bar alƙaluma, a koma ga hira da labarin rayuwa.

Ƙorafin yana da tushe. Sai dai watsi da alƙaluma zai fi cutar da matan da ake son taimakawa.

Gaskiya ne zama da mata ne ya fara buɗe ido. A 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan ɓoyayyen cinikin da mata ke yi daga gidajensu. A ƙarshen shekarun 1970 Enid Schildkrout ta yi nazari a cikin birnin Kano, ta nuna cewa matan kulle da yawa suna samun kuɗin kansu, kuma yara masu talla da aike ne ƙafafunsu zuwa kasuwa. Ta kuma lura cewa shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 zai taɓa wannan ciniki, tunda yaron da ke aji ba ya kan talla. Takardar da aka cike a zaure ba za ta gano haka ba.

Amma labari kaɗai ba ya shiga kasafin kuɗi. Kwamishina zai ji labarin mai awara ɗaya ya tausaya, ya wuce. Abin da ke tilasta masa ware kuɗi shi ne sanin mata nawa ne, nawa suke juyawa a wata, yara nawa ke ci daga ciki. Da alƙaluma ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna a 2018 cewa mata ke yin sama da kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da iyali da ba a biya. Da su ne kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya. Wanda ya yar da wannan makami ya bar mata hannu rabbana.

Alƙaluma su ma suna iya ruɗi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020. Bayan ta sauya ma'auni, ta ɗauki duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin ya koma kashi 4.1 a farkon 2023. Sabon ma'aunin ya fi kama mai ƙosai, amma bai faɗi ko ribarta ta isa sayen maganin zazzaɓi ba.

Gyaran a tambaya yake, da kuma mai yin ta. A kunnen Bakano, "aiki" ya fi nufin na albashi. Idan aka ce wa mace "kina aiki?" za ta iya cewa a'a, alhali tukunyarta na kan wuta tun asuba. Idan aka ce "wace sana'a kike yi?" amsar daban ce. Mata ya kamata su shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga", su tambayi matar da kanta, ba wakilinta ba. A fara da hira kafin a tsara tambayoyi, a kuma tabbatar wa mutane cewa bayanan ba na haraji ba ne. Babu abin da ya ci karo da addini a nan, domin Musulunci ya tabbatar wa mace mallakar dukiyarta.

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Kafin ta zo, sashen nazarin zamantakewa na Jami'ar Bayero, wadda tsohuwar harabarta ba ta da nisa da Goron Dutse, zai iya gwada waɗannan tambayoyi a unguwa ɗaya, da ɗalibai mata. Rancen jari, koyar da sana'a da tallafin gwamnati duk bisa jerin sunaye da alƙaluma ake raba su. Matar da ba a ƙirga ba, ba a tuna ta ranar rabo.