Dandamalin Maharbi: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Ranar 1 ga watan Oktoba na kowace shekara ake buɗe farautar barewa da kwari da baka a wasu jihohin Amurka, irin su Mishigan da Ayowa da Ilinoi. Tun kafin ranar ta zo maharba ke shiga musu a kan kayan aiki, kowa na yabon nasa yana kushe na wani. A 'yan shekarun nan kuwa musun da ya fi zafi a tsakaninsu a kan wani ɗan ƙarfe ne wanda faɗinsa bai wuce na faifai ba, wato dandamalin da maharbi ke ɗora ƙafafunsa a kai idan ya hau bishiya yana dakon barewa. Kamfanoni na ta rige-rigen fito da wanda ya fi ƙanƙanta da rashin nauyi, masu saye kuma na ta rububi. Ni dai a nawa ganin wannan tsere ya karkatar da hankalin mutane daga abin da ya kamata su duba, domin rayuka biyu ne ke rataye a kan wannan ɗan ƙarfe: na maharbin da na dabbar da ya fito nema.

Kafin in shiga hujjojina, bari in yi wa mai karatu bayanin yadda farautar take. Barewar Amurka mai farar wutsiya dabba ce mai kaifin hanci da kunne, idanunta kuma suna gefe da gefen kai, don haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta waiwaya ba. Mai baka kuwa sai ta matso kusa ƙwarai, kamar taku ashirin zuwa talatin, kafin ya iya harbi mai kyau. Wannan ya sa maharban can suke hawa bishiya, galibi tsayin ƙafa 15 zuwa 25, su yi shiru suna jira, wani lokaci tun daga asuba har faɗuwar rana. A da kujerar ƙarfe suke ɗaurewa a jikin bishiyar, wadda nauyin wata yakan kai kilo 9. Daga baya aka samu dabarar da suke kira sirdin bishiya. Wani ɗamara ne mai faɗi da mutum zai sa ya tallafe ƙugunsa da mazauninsa, a haɗa shi da igiya a ɗaure a jikin bishiyar daidai goshi ko sama kaɗan, sai mutum ya jingina baya yana fuskantar bishiyar, igiyar na riƙe da shi. Duk wanda ya taɓa ganin masu hawan kwakwa ko dabino da igiya zagaye da ƙugu, to ya ga asalin hikimar.

Dabarar ba sabuwa ba ce. John Eberhart, wani sanannen maharbi ɗan jihar Mishigan, tun 1981 yake farauta da ita, a lokacin da 'yan tsiraru ne suka san ta. Sai wajen 2018, da kamfanoni irin su Tethrd suka shigo kasuwa, sannan abin ya bazu. Amfaninta a fili yake. Kayan ba su da nauyi, ana iya hawa karkatacciyar bishiya wadda kujera ba za ta zauna a kanta ba, kuma maharbi na iya laɓewa a bayan bishiyar idan barewa ta ɗaga kai. Sai dai sirdi ƙugu kaɗai yake riƙewa, dole ƙafa ta samu wurin takawa. A nan maharba suka kasu. Wasu na ɗaura ƙananan matakai su zagaye bishiyar da su, kowane bai fi tafin hannu ba. Wasu na tsayawa a kan ɗan falangen da aka liƙa a saman sandar hawa ta ƙarshe. Mafi yawa kuma dandamali suke saye, na alminiyom, mai haƙora a baya da ke cizon ɓawon bishiya, a ɗaure shi da bel ko igiya.

To, me ya sa na ce tseren rashin nauyi kuskure ne? Mu fara da lissafi. Yawancin dandamalan da ke kasuwa nauyinsu tsakanin kilo ɗaya da 'yan kai ne zuwa kilo biyu da rabi. Ke nan bambancin da ke tsakanin ƙarami da babba bai wuce nauyin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ba. Mutumin da ya saɓa baka da kibau da rigunan sanyi da sandunan hawa uku ko huɗu, wanda kuma in ya yi sa'a zai ja gawar barewa mai nauyin babban mutum har bakin mota, shi ne zai tsaya yana jayayya a kan kilo guda? Yanzu mu duba ɗaya gefen. Wanda ya faɗo daga tsayin ƙafa 20, wato kimanin mita 6, daƙiƙa ɗaya da 'yan kai kawai zai yi a iska, kuma zai daki ƙasa da gudun kusan kilomita 40 a awa. Hukumomin kula da namun daji na jihohi da dama sun sha bayyana cewa faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure jikkata maharban barewa, kuma sau da yawa ƙashin baya ne ke karyewa. Idan aka ɗora kilo guda a hannun dama, aka ɗora ƙashin baya a hannun hagu, ban ga abin shawara ba.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne: shin dandamalin nan yana gocewa idan aka tura shi ta gefe? Wannan ita ce tambayar da talla ba ta cika amsawa ba. Kamfani zai rubuta cewa kayansa na ɗaukar laba 300, wato kilo 136, haɗe da kayan da mutum ya ɗauko, amma wannan nauyin da ke danna ƙasa ne kai tsaye. Mai sirdi kuwa ba a miƙe yake tsayawa ba. Yana jingine ne a baya, idan kuma barewa ta ɓullo ta bayan bishiyar sai ya taka bakin dandamalin da ƙafa ɗaya ya karkata jikinsa duka waje. A wannan lokacin ƙarfin yana tura ƙarfen ne gefe, kuma dandamalin da ƙashin bayansa gajere ne, ko haƙoransa ba su da tazara, yakan sulle. Dogon ƙashin baya da haƙora masu faɗi su ne ke hana wannan, su ne kuma abin da ake fara datsewa idan ana son rage nauyi.

Na biyu shi ne faɗi, kuma ƙafar mutum ce ma'auni. A watan Nuwamba, lokacin barbarar barewa wanda shi ne ganiyar farauta a jihohin arewa, sanyi kan sauka ƙasa da sifili, maharbi kuma na sanye da manyan takalma masu kauri. Dandamalin da ya ishe shi da takalmin bazara a tsakar gida ba lallai ya ishe shi ba a ranar. Ga kuma matsalar juyawa. Badamen maharbi ya fi jin daɗin harbi ta hagunsa. Idan barewa ta zo ta dama, dole ya juya jikinsa gaba ɗaya a ƙarƙashin igiya ko ya tsallake da bakan ta samanta, duk cikin shiru, da dabbar a taku ashirin. Wanda ba shi da wurin sauya ƙafa zai yi harbin ne a murɗe, gwiwa na rawa.

Nan ne haƙƙin dabbar ya shigo, wanda shi ne ɓangaren da ba a cika ambata ba. Kibiya ba ta kashewa da ƙarfin duka kamar harsashi, zubar jini ce ke kashewa. Idan ta ratsa huhu biyu, barewa ba ta daɗewa take faɗuwa. Idan kuwa ta kauce baya da tafin hannu ɗaya ko biyu ta shiga tumbi, dabbar kan shafe sa'o'i masu yawa tana shan azaba, har maharba kan shawarci juna da a jira awa 8 zuwa 12 kafin a bi sawunta, wata ma ba a ganinta sam. Harbi daga sama ya riga ya ƙuntata wurin da kibiya za ta shiga, domin gwargwadon tsayin mutum gwargwadon tsinin kusurwar. Mai jan baka mai ƙarfin laba 60 yana buƙatar ƙafarsa ta kafu kamar yana ƙasa. Barewar nan fa ba a banza ta yawaita ba. Wajen shekarar 1900 adadinta a Amurka bai wuce rabin miliyan ba saboda kisan ba gaira ba dalili, yau kuma ana ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30, albarkacin dokokin farauta da kuma harajin da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware daga cinikin bindigogi da harsasai don raya namun daji, wanda daga baya aka haɗa da kwari da baka. Al'ummar da ta yi wannan ƙoƙari bai dace 'ya'yanta su riƙa raunata dabbar don gudun ɗaukar kilo guda ba.

Na uku shi ne ƙara. Ƙarfe a cikin sanyi yakan yi ƙara idan aka sauya ƙafa, kuma ƙwas ɗaya ya isa ya kori barewar da aka yi awa shida ana jira. Maɗauri mai ɗan inji yana ɗaurewa tamau, amma ƙaf-ƙaf ɗinsa da asuba shela ce ga duk dajin. Shi ya sa da yawa suka fi son bel ko igiya, a ɗaure dandamalin yana ɗage, sannan a danna shi ƙasa haƙoran su nutse. Yana da kyau kuma a samu mai kusar daidaitawa, domin bishiyar daji ba turken lantarki ba ce, kowace da karkatarta.

Na san masu ɗaya ra'ayin suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Wanda ke farauta a dajin gwamnati, inda kowa ke da izinin shiga, sai ya yi tafiyar kilomita biyu ko uku cikin fadama da sarƙaƙiya kafin ya tsere wa cunkoson maharba, kuma a irin wannan tafiya kowane ɗan nauyi sai kafaɗa ta ji shi. Haka nan a dazukan gwamnati na jihohi irin su Mishigan an haramta murɗa kusa ko mataki a jikin bishiya, saboda haka komai sai an ɗauko an kuma koma da shi, ko a bar shi wani ya gani. Za su kuma ce ai shi kansa Eberhart da matakai masu zagaye bishiya aka san shi, ya kuma kashe manyan barewa da su. Duk gaskiya ne. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana abu ɗaya, ƙafarsa ta san inda kowane mataki yake ko da ido a rufe. Sabon shiga da ya kwaikwayi kayansa bai gaji shekarunsa ba. In dai rage nauyi ake so, a fara da jakar da aka cusa wa tarkacen da ba a taɓa amfani da su ba, a bar abin da ƙafa ke takawa ya zama na ƙarshe.

Akwai kuma wata magana da ta fi duk waɗannan. Komai ingancin dandamali, igiya ce ke riƙe da rai. Galibin waɗanda suka faɗo daga bishiya sun faɗo ne lokacin hawa ko sauka ko tsallakawa daga matakin ƙarshe zuwa mazauni, kuma galibinsu ba a ɗaure suke ba a lokacin. Babbar fa'idar sirdi ita ce mutum na iya kasancewa a ɗaure tun daga ƙasa har ya dawo ƙasa, da igiyar ƙugu yayin hawa, da igiyar sama idan ya isa. Ƙa'idar ita ce kada a kwance ɗaya sai an ɗaura ɗayar an kuma jingina an ji ta ɗauki nauyi. Kada kuma a bar igiyar sama ta yi sako-sako, domin ba ta talewa, faɗuwar ƙafa biyu a kanta ma ta isa ta gwara mutum da bishiya. Ƙullin da ake zarge ta da shi, wanda ke ɗauke da sunan Karl Prusik, ɗan Ostiriya mai hawan duwatsu da ya fito da shi a 1931, yana zamewa idan an tura shi da hannu, ya cije idan nauyi ya hau kansa, amma shi ma sai an duba shi kowace fita. Haka bel ɗin dandamali, wanda rana ke cinyewa, kurege kuma ke gwaguya idan an bar shi a daji. Ita ma bishiyar abin dubawa ce. Tun 2002 da aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da Detroit, miliyoyin bishiyoyin da suke kira ash sun mutu a tsaye, kuma wanda ya ɗaura kayansa a jikin matacciya cikin duhun asuba, tsadar dandamalinsa ba za ta amfane shi da komai ba.

Shawarata ga mai niyyar saye ita ce kada ya yanke hukunci daga hoto ko daga lambar da aka rubuta a kwali. Ya aro na abokai iri biyu ko uku, ya ɗaura kowanne a tsayin gwiwa, ya sa takalman da zai yi farauta da su, ya taka kowane gefe da dukan nauyinsa, ya juya dama da hagu, ya harba kibau, ya kuma gwada a bishiya mai santsin ɓawo da mai kaushi. Ya gwada ɗaurawa da dare da safar hannu, tunda a haka zai yi a daji. Ya guji kwaikwayon da ba a san maƙerinsa ba, ya nemi wanda aka yi wa gwajin nauyi, domin araha ba ta ado. Wanda ya tsaya cik bai motsa ba, bai yi ƙara ba, kuma ƙafa ta sake a kansa, shi ne nasa, ko da ya ɗara sauran nauyi. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gara a yi gwajin a inda idan an zame gwiwa kawai za a kurje.