Tun Kafin Shata Ya Buɗe Baki

Ni da Fulatanci na tashi a cikin garin Yola, Hausa kuwa a firamare da kasuwar Jimeta na tsince ta. Ina yaro, in an sa kaset ɗin Alhaji Mamman Shata a shagon kawuna, rabin kalmomin wuce ni suke yi. Amma tun kafin ya buɗe baki na san shi ne, domin kalangu ya riga ya gaya mini.

Shi ya sa nake ganin da gyara a yadda muke nazarin waƙar baka. Mukan juye waƙa a takarda, mu bi turke da salo da zambo da habaici, kiɗan kuwa mu sallame shi da layi guda. Alhali kiɗan ne shaidar ƙungiya. Wa zai rikita kotson Ɗanƙwairo da kuntigin Ɗanmaraya Jos mai tsirkiya ɗaya? A wajen Shata, makaɗa kan kama taki ɗaya, 'yan amshi su yi ta maimaita layi guda, waƙar na ƙara nauyi sannu a hankali. Makaɗi na matsa tsirkiyoyin kalangu a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar maganar Bahaushe. Ni dai a nan kunnena ya fara kama karin sauti, ba a littafin nahawu ba.

Kwanaki wani abokina ya kunna mini kiɗan Tides From Nebula, wata ƙungiyar ƙasar Foland da aka kafa a birnin Warso a 2008. Irin kiɗan nan ne mai nauyin jita da ake kira post-metal, su kuma ba su da mawaƙi sam. Na yi mamaki da na ji dabarar da na sani: a maimaita, a ja, a tara nauyi, sannan a sake shi. Da za a ba mu faifansu Aura na 2009 mu nazarta da ma'auninmu, farar takarda za mu miƙa.

Shata ya rasu a 1999. Yau je ka gidan biki a Jimeta, yawancin waƙoƙin fiyano da za ka ji kiɗansu kusan ɗaya ne, sai mawaƙi ya ambaci sunansa kafin ka gane shi.

Da na nemi yin kundina a kan kiɗan Bakandamiyar Shata kaɗai, an ce sai na haɗa da matanin waƙar. Na haɗa, a rataye. Babi na uku kuwa gaba ɗayansa na kalangu ne.